Tarihin Dakta Smith-Petersen, Likitan Da Ya Ƙago Ƙusar Ɗorin Kwatangwalo

Daga cikin likitocin ƙashi da aka yi a ƙarni na 20, kaɗan ne suka taimaki tsofaffi kamar Dakta Marius Nygaard Smith-Petersen, haifaffen ƙasar Norwe wanda ya yi aikinsa a birnin Boston na Amurka, ya kuma rasu a can cikin shekarar 1953. Shi ne ya ƙago wata ƙusa ta ƙarfe mai fikafikai uku, wadda a ke kafawa cikin ƙashin cinya idan ya karye daidai kwatangwalo. Kafin zuwan ƙusar nan, tsohon da ya sami irin wannan karaya doguwar kwanciya ce ke kama shi, da yawa kuwa daga kwanciyar nan sai kabari. Bayan zuwanta likitoci suka soma ɗaukar karayar a kan abin da za a yi wa aikin fiɗa, a ta da mai ita zaune cikin 'yan kwanaki.

Ko da ya ke Boston na da nisa ƙwarai da ƙasar Batsari da Safana, aikin mutumin nan ya shafi kowane gida a can da ke da tsoho ko tsohuwa. A garuruwa irin su Ruma da Wagini da Runka da Zakka, tsohuwa kan zame a bakin rijiya ko a makewayi da damina, dattijo kan faɗo daga kan jaki ko amalanke ko bayan babur, a ɗauke shi a kai ɗaki, a ce targaɗe ne. Wanda a kan nemi shawararsa a irin wannan rana galibi ɗansu ne ma'aikacin gwamnati, ko kuwa jikansu ɗan makaranta. Saboda haka ya kamata waɗannan su san abin da likitan nan ya gano, da yadda aka yi ya gano shi.

Haihuwarsa Da Karatunsa

An haifi Smith-Petersen ran 14 ga watan Nuwamba, 1886, a Grimstad, wani ƙaramin gari na bakin teku a kudancin Norwe, inda danginsa suka yi suna wajen ciniki da harkar jiragen ruwa. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙaramin yaro. Cikin 1903, yana ɗan shekara 16, shi da mahaifiyarsa suka yi ƙaura zuwa Amurka, suka zauna a birnin Milwaukee cikin Jihar Wisconsin, inda ya gama makarantar sakandare a 1906. Ya ɗan yi karatu a Jami'ar Chicago, sa'an nan ya koma Jami'ar Wisconsin ya sami digirinsa na farko a 1910. A nan ne ya yi wa Joseph Erlanger aikin mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje. Shi Erlanger masani ne kan yadda sassan jiki ke aiki, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel cikin 1944.

Daga nan ya shiga makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Harvard, ya fito likita a 1914. Ya fara koyon fiɗa a asibitin Peter Bent Brigham a hannun Harvey Cushing, shahararren likitan fiɗar ƙwaƙwalwa. Cushing mutum ne mai tsanani wajen aiki, ba ya gaggawa, ba ya kuma barin jini ya zuba a banza, kowace ƙaramar jijiya sai ya tsai da jininta kafin ya ci gaba. Wannan hali ya kama almajirin nasa har iyakar rayuwarsa. Cikin 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya bi ƙungiyar likitocin Harvard zuwa Faransa, suka yi jiyyar sojojin da aka jikkata a wani asibitin Amurkawa da ke gefen birnin Paris. Da ya komo gida sai ya zaɓi fannin ƙashi, ya kama aiki a Babban Asibitin Massachusetts da ke Boston, ƙarƙashin Dakta Elliott Brackett.

Hanyar Shiga Kwatangwalo

Ƙashin cinya shi ne mafi tsawo a jikin ɗan Adam. A samansa akwai kai mai kama da ƙwallo, wanda ke zaune cikin wani gurbi mai kama da ƙoƙo a jikin ƙashin ƙugu. Tsakanin kan da sandar ƙashin akwai ɗan wuya a karkace, tsawonsa kamar inci biyu, kuma ta nan nauyin jiki ke bi ya sauka ƙafa. Dukan wannan gaɓa tana binne ƙarƙashin tsokoki masu kauri, shi ya sa likitocin wancan zamani ke shakkar buɗe ta.

Tun yana ƙaramin likita, Smith-Petersen ya taimaka wajen yi wa wani majiyyaci fiɗar kwatangwalo ta tsohuwar hanya, watau a yanka tsoka kai tsaye har a kai ga gaɓar. Jinin da ya zuba ya yi yawa, da ƙyar majiyyacin ya tsira. Abin ya dame shi ƙwarai. Sai ya tuna da yadda Cushing ke ɗaye tsoka daga jikin ƙashin ƙeya a hankali idan zai shiga bayan ƙwaƙwalwa. Ya gwada wannan dabara a kwatangwalo: a shiga ta gaba, a bi tsakanin tsokoki, a ɗaye su daga jikin ƙashi maimakon a datse su. Ya buga bayanin hanyar a 1917, shekarar da ya cika 31 da haihuwa. Har yau likitocin ƙashi na kiran wannan hanya da sunansa, kuma ita ce ta ba shi damar ganin gaɓar sosai da idonsa, abin da dukan sauran ayyukansa suka dogara a kai.

Karayar Da Ta Gagari Magabata

Tun cikin 1822 wani babban likita na Landan, Sir Astley Cooper, ya raba karayar kwatangwalo gida biyu: wadda ta auku a wuyan ƙashin, cikin jakar da ta lulluɓe gaɓar, da wadda ta auku ƙasa kaɗan, a wajen jakar. Ya lura cewa ta waje takan haɗe, amma ta ciki da wuya ta haɗe da ƙashi. Dalili kuwa shi ne, jijiyoyin da ke kai jini ga kan ƙashin suna bi ne ta jikin wuyan. Idan wuyan ya karye ya goce, jijiyoyin kan tsinke ko su murɗe, kan ƙashin ya rasa abincinsa. Bugu da ƙari, ɓangaren sama ƙarami ne, yana juyawa cikin gurbinsa, babu wani ɗauri daga waje da zai iya riƙe shi.

Saboda haka jiyyar da a ke yi a dā ita ce a kwantar da majiyyaci, a ja ƙafar da nauyi, a tokare ta da buhunan yashi. A farkon ƙarni na 20 Dakta Royal Whitman na New York ya kawo wata hanya, watau a daidaita ƙafar, sa'an nan a sa wa mutum filasta tun daga ƙirji har zuwa yatsun ƙafa, ya zauna ciki wata da watanni. Wasu sun warke ta haka, amma tsofaffi da yawa ba su jure ba. Tsohon da ya daɗe a kwance majina kan taru a huhunsa ta zama namoniya, bayansa da ɗuwawunsa su yi gyambo, jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, gudan jinin ya tafi huhu ya kashe shi farat ɗaya. Tsokarsa kan zube, mafitsara ta kamu da cuta, wani ma hankalinsa ya rikice. Watau kwanciyar ce ke kashewa fiye da karayar kanta.

Ƙusa Mai Fikafikai Uku

Ba Smith-Petersen ne ya fara tunanin riƙe ƙashin daga ciki ba. Tun ƙarni na 19 wasu likitoci a Jamus da Norwe sun gwada kafa ƙusa, wasu kuma daga baya suka gwada turakun ƙashi da na hauren giwa. Amma ƙusa mai kewayayyen jiki ba ta hana kan ƙashin juyawa, idan kuma aka yi ta da kauri don ta yi ƙarfi sai ta ɓarnata ƙashin da a ke son ya haɗe. Ga shi kuma ƙarafan wancan lokaci suna tsatsa a cikin jiki.

Dabarar da ya yi ita ce ya ƙera ƙusa mai siraran fikafikai uku da suka bi tsawonta, wadda idan an dube ta daga baki sai a ga kamar harafin Y. Fikafikan suna yanka ƙashi su shige kamar wuƙa, ba su cin wuri da yawa, amma suna kama ƙashin ta fuska uku, ba dama ya juya. Yakan buɗe gaɓar ta hanyar da ya ƙago, ya daidaita karayar yana gani, ya buga ƙusar daga gefen cinya ta ratsa wuyan har cikin kan, sa'an nan ya matse ɓangarorin biyu su haɗu gam. Ya fara amfani da ita cikin 1925, amma bai yi gaggawar shelanta ta ba. Sai da ya yi shekara shida yana bin majiyyatansa yana duba yadda suka ƙare, kana ya buga sakamakon a 1931 tare da abokan aikinsa biyu, Edwin Cave da George Van Gorder.

Shekara guda bayan haka, watau 1932, wani likita a birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin mai suna Sven Johansson ya ƙara wa ƙusar wani gyara. Ya huda rami ta tsakiyarta, yadda za a fara zura siririyar waya cikin ƙashin, a ɗauki hoton ƙashi a tabbatar ta bi daidai, sa'an nan a zura ƙusar ta bi wayar. Da wannan gyara ba sai an buɗe gaɓar ba, ɗan yanka kaɗan ya isa, har tsoho mai rauni ma yana iya jure aikin. Nan da nan ƙusar ta bazu a asibitocin Turai da Amurka, daga baya aka riƙa haɗa ta da wani faranti na ƙarfe a gefen ƙashi domin karayar da ta auku ƙasa da wuya.

Duk da haka ƙusar ba ta warware matsalar duka ba. Tana riƙe ƙashi, amma ba ta iya mai da jijiyar jinin da ta tsinke. A wasu majiyyata karayar kan ƙi haɗewa, a wasu kuma ta haɗe, amma bayan shekara ɗaya ko biyu kan ƙashin ya mutu ya lotsa. Maganin wannan ya ɓullo ne ta wani aikin dabam da shi likitan ya daɗe yana fama da shi.

Ƙoƙon Gilashi

Cikin 1923 ya ciro wani ɓallin gilashi daga bayan wani majiyyaci, wanda ya yi kimanin shekara guda a jikinsa. Ya tarar jiki ya kewaye gilashin da wata fata mai santsi da ɗan ruwa a ciki, kamar irin wadda ke shimfiɗe a cikin gaɓa. Sai ya yi tunanin cewa idan aka kifa ƙoƙon gilashi a kan ƙashin cinyar mutumin da ciwon gaɓa ya cinye masa guringuntsi, jiki zai gina sabon shimfiɗi mai santsi a ƙarƙashinsa. Ya gwada a shekarar, amma gilashin ya riƙa fashewa saboda nauyin jiki. Ya koma ga wani irin roba a 1925, jiki ya ƙi karɓarsa. Ya gwada gilashin Pyrex a 1933, ya gwada Bakelite a 1937, duk ba su gamsar da shi ba. Daga ƙarshe likitan haƙorinsa, Dakta John Cooke, ya ba shi shawara ya gwada Vitallium, wani gamin ƙarafa da ba ya tsatsa wanda masu gyaran haƙori ke aiki da shi. Ya sa ƙoƙon Vitallium na farko a 1938, bayan shekara 15 yana nema, wannan kuwa ya zauna lafiya. A laccar da ya yi a birnin Leeds na Ingila cikin 1947 ya ba da labarin kwatangwalo kimanin 500 da aka yi wa wannan aiki.

Ƙoƙon nan domin ciwon gaɓa aka yi shi, amma ya nuna wa duniya cewa ƙarfe na iya zama cikin gaɓar ɗan Adam shekara da shekaru yana aiki. A kan wannan tushe Austin Moore da Frederick Thompson, dukansu Amurkawa, suka fito da kan ƙashi na ƙarfe mai sanda a farkon shekarun 1950, wanda a ke sawa a madadin kan da ya karye. Cikin 1962 kuma John Charnley na Ingila ya kammala tsarin sauya gaɓar baki ɗaya, kai na ƙarfe da gurbi na roba mai ƙarfi.

Ƙarshen Rayuwarsa

Smith-Petersen ya shugabanci sashen ƙashi na Babban Asibitin Massachusetts daga 1929 zuwa 1946, ya kuma zama farfesa a Harvard daga 1935 zuwa 1946, inda likitoci daga ƙasashe da dama suka zo koyon aiki a hannunsa. Cikin 1945 ya bayyana wata hanyar fiɗa ta miƙar da bayan mutumin da ciwo ya sandarar masa da ƙashin baya ya tanƙwara shi. Bai manta da ƙasar haihuwarsa ba, Sarkin Norwe kuma ya ba shi lambar girma ta St. Olav. Bai daina fiɗa ba har ƙarshen ransa. A watan Mayu na 1953 ya yi wa Arthur Godfrey, wani shahararren mai shirye-shiryen rediyo da talabijin na Amurka, aikin kwatangwalo. Bayan 'yan makonni, ran 16 ga watan Yuni, 1953, ya rasu a Boston yana da shekara 66.

Ayyukan Da A Ke Yi A Yau

An daina amfani da ƙusarsa mai fikafikai uku, domin an sami waɗanda suka fi ta. A yau likita kan dubi wurin da karayar ta ke, da ko ta goce, da kuma ƙarfin jikin majiyyaci, kana ya zaɓi aikin da zai yi. Idan wuyan ne ya karye amma bai goce ba, a kan riƙe shi da ƙusoshi masu murɗawa, galibi guda uku, ta hanyar zura waya irin ta Johansson. Idan wuyan ya karye ya goce a jikin tsoho, a kan cire kan a sa na ƙarfe, sau da yawa a kafa sandarsa da wani siminti na musamman. Wannan shi ne sauya rabin gaɓa. Tsohon da ke da sauran ƙarfi, mai fita harkokinsa da ƙafarsa, mai cikakken hankali, a kan duba yiwuwar sauya masa gaɓar duka. Idan kuwa karayar ƙasa da wuya ta ke, inda jini ke isa sosai, ba a cire kome. A kan sa babbar ƙusa mai murɗawa wadda ke zamewa cikin hannun wani faranti, yadda ƙashin zai riƙa matsuwa idan mutum ya taka, ko kuwa a zura doguwar sanda ta ƙarfe cikin ramin ɓargo.

Manufar dukan waɗannan ayyuka ɗaya ce da ta Smith-Petersen, watau a fid da tsoho daga shimfiɗa da wuri. Ƙa'idar jiyya da aka fitar a Ingila cikin 2011 ta ce a yi aikin ranar da aka kwantar da majiyyaci ko kashegari, a kuma fara ta da shi tsaye kashegarin aikin. Ƙa'idar ta nuna cewa ko a can, kimanin mutum 1 cikin 10 na masu wannan karaya kan mutu cikin wata guda, kimanin 1 cikin 3 kuma cikin shekara guda, yawanci saboda wasu cututtukan da tsufa ya riga ya kawo. Karayar ta fi samun mata, domin ƙashinsu kan yi rauni bayan ɗaukewar al'ada.

Abin Lura Ga Mutanen Batsari Da Safana

A ƙasar Katsina, kamar sauran ƙasar Hausa, wanda ya karye maɗori ya ke fara nema. Maɗora na da daraja a wurin jama'a, suna kusa, kuɗinsu kuma da sauƙi. Amma aikin maɗori da kara ne da tsumma, yana ɗaure ƙashin da hannu ke iya kamawa ta sama da ta ƙasa. Wuyan ƙashin cinya kuwa yana can cikin tsoka, babu inda za a ɗora kara. Abin da ya gagari filastar Whitman ba zai yiwu da karan ɗori ba, ja da murɗa ƙafar ma na iya gocar da karayar da ba ta goce ba, ya tsinka sauran jijiyoyin jinin.

Alamun karayar ba su da wuyar ganewa. Tsoho ya faɗi ya kasa tashi, yana jin zafi a matsematsinsa ko gefen cinya, ƙafar ta ɗan gajarce, tafin ya kwanta waje. Wani lokaci ƙashin kan cushe cikin juna har mutum ya iya ɗingishi, shi ma wannan yana bukatar hoton ƙashi. Ba a ɗora irin wannan majiyyaci a babur. A kwantar da shi a mota, a tokare ƙafar da matashi, a kai shi babban asibitin Batsari ko na Dutsin-Ma, daga nan a nemi takardar turawa zuwa inda likitocin ƙashi su ke: Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ko Asibitin Janar Amadi Rimi a Batagarawa, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe cikin 1959. Rashin tsaro da ya tsananta a garuruwan gefen dajin Rugu tun wajen 2019 ya sa tafiyar dare ta zama haɗari, saboda haka ya kyautu dangi su shirya mota da kuɗi tun da dare, su kama hanya da sassafe.

Kuɗin aikin da na ƙarfen ba kaɗan ba ne, sau da yawa sai dangi sun yi karo-karo ko an sayar da dabba. Amma jinkiri ƙara kuɗin ya ke yi. Karayar da ƙusoshi uku za su riƙe a ranar farko, idan ta yi makonni a ɗaki takan goce, sai an sauya kan ƙashin, ga kuma jiyyar gyambo da ta huhu. Yawan shekaru kaɗai ba ya hana aikin, domin likitoci kan auna zuciya da jini da sukari tukuna, sau da yawa kuma da allurar baya a ke yi, ba sai an sa mutum barci ba. Bayan an sallamo majiyyaci, aikin dangi ne su riƙa ta da shi yana takawa da sanda kamar yadda ma'aikatan asibiti suka nuna, su ba shi abinci mai gina jiki, su gyara santsin makewayi, su kuma ajiye masa fitila kusa da shimfiɗarsa saboda fitar dare.